Yadda Aka Koyi Karanta Zafin Teku Daga Laka

A 1947 wani jirgin ruwa na ƙasar Suwidin mai suna Albatross ya fita zagaya duniya ɗauke da sabon ƙarfe da Börje Kullenberg ya ƙera: dogon bututu da ake sokawa a ƙasan teku, ya fito da sandar laka mai tsawon da kan kusanci mita 20. A teku mai zurfi laka kan ɗauki shekara dubu kafin ta taru santimita biyu ko uku. Ke nan sanda ɗaya tana riƙe da labarin dubun dubatar shekaru, sabo a sama, tsoho a ƙasa.

A shekarar ce kuma Harold Urey na Jami'ar Shikago ya nuna cewa oksijin mai nauyi ya fi shiga ƙwanson halittun ruwa in ruwan yana da sanyi. Wanda ya haɗa dabarar da lakar shi ne wani Ba'italiye, Cesare Emiliani. Ya yi aiki da foraminifera, 'yan halittun da ba su wuce ƙwayar yashi ba. Ana yanko laka, a wanke a rariya, a busar, sannan mutum ya duƙa kan madubin kimiyya da siririn buroshi mai lema, yana tsince ƙwanso ɗaya bayan ɗaya har wuya ya ƙage. Wannan haƙurin nake girmamawa fiye da komai a sana'ar. A 1955 Emiliani ya bayyana cewa zamanin ƙanƙara ya zo ya koma sau da yawa, kuma ruwan Karibiyan ya yi sanyi da kusan digiri 6.

Sai Nicholas Shackleton na Kambirij ya ce a dakata. A 1967 ya auna ƙwanson foraminifera masu zama can ƙasan teku, inda ruwa dama ya kusa daskarewa, babu wani sanyin da zai ƙara. Ya tarar da kusan sauyin oksijin nan dai da Emiliani ya gani. Ashe ƙanƙarar da ta lulluɓe arewacin duniya ce ta kulle oksijin mara nauyi, ta bar teku da mai nauyi. Yawancin abin da aka ɗauka sanyi ne, girman ƙanƙara ne.

Dole aka nemi wasu shaidu. John Imbrie da Nilva Kipp a 1971 sun ƙirga irin halittun da ke kowane mataki na lakar, masu son sanyi da masu son ɗumi. A 1986 masana a Bristol suka nuna cewa maiƙon wata gansakukar teku yana sauya siffa bisa ɗumin ruwa, kuma lakar da suka gwada daga tekun Atlantika aka ɗebo ta, daura da arewa maso yammacin Afirka. Daga baya aka koma auna magnesiyam a ƙwanson, ya nuna cewa tekunan yankin zafi sun yi sanyi da kimanin digiri 3 a zamanin ƙanƙara.

Mu ma muna cikin wannan laka. Ƙurar hunturu da ke tashi daga Sahara a teku take sauka. Sandar da aka haƙo gaɓar Muritaniya ta nuna ƙura ta ƙaru ƙwarai wajen shekara 5,500 da suka wuce, lokacin da Sahara mai ciyayi da tafkuna ta bushe. Daminarmu kuwa tana bin ɗumin teku.

Shi ya sa ba na yarda in an ce masana yanayi zato kawai suke yi. Ma'auninsu ya sha ƙalubale daga cikin gida, kowane ƙarni yana gyara na gabansa. In ƙwanso da maiƙo da ƙirgen halittu suka yi baki ɗaya, alƙali ma zai karɓi shaidar.