Daga Mangalar Fatake Zuwa Kwalba

Kakana wanzami ne, a unguwar Nima da ke Ankara ya yi rayuwarsa, a nan kuma aka binne shi. Idan aka tambaye shi asalin maganinmu, sai ya ce a bayan jaki ya zo. Fataken Kano da Katsina da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa tashi sai da kanwa da filasko da tazargade a mangala, kuma a ayari akan samu malami mai rubutu da tofi, da wanzami mai ƙaho, da maɗori saboda karaya. Tafiyar watanni ce, babu asibiti a daji.

Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga ta Gwanja a 1892, mutanenmu suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara, sana'ar ta bi su. Sai dai sabara da marke itatuwan arewa ne, bakin teku kuwa wata ƙasa ce. Nan magabatanmu suka nuna wayo. Ba su yi girman kai ba, suka zauna da masu maganin Tonawa da Ankarawa, suka koyi saiwoyin kurmi. Saiwar da Tonawa ke kira nibima, mu gangamau muke ce mata, kowa kuma na jiƙa ta don zazzaɓin cizon sauro.

An buɗe asibitin Korle Bu a 1923, amma mutanen zango ba su bar ungozoma da wanzami ba. Kaciya da cire beli da jiƙon jego duk a gida ake yi. Abin da ya fi sauya sana'ar shi ne aikin Dakta Oku Ampofo, likitan asibiti da ya girmama masu sassaƙe. Da ƙoƙarinsa aka kafa cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong-Akuapem a 1975, inda aka gwada gangamau ɗin nan aka mayar da shi magani mai awo. A 2000 aka yi dokar da ta tsara aikin maganin gargajiya, a 2001 jami'ar KNUST ta fara digiri a fannin.

Yau idan ka shiga kasuwar Nima ranar Laraba, ga sassaƙe a tabarma, ga kwalba mai lambar rajista a gefensa. Wasu 'yan'uwana na ganin rajista da gwaji raini ne ga gadonmu. Ni ban yarda ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta littafi kan maganin basir, don kada sani ya bi mai shi kabari. Abin da kakana bai bar mana ba ke nan: ya san awon kowane jiƙo da tafin hannunsa, da ya rasu awon ya tafi da shi.

Shi ya sa kowace Juma'a bayan masallaci nake ɗaukar littafi da biro in nufi Maamobi wajen tsofaffin da suka rage. Ina tambayarsu sunan itace, da yawan da ake sha, da wanda bai kamata ya sha ba.