Harsashin bakshot

Bakshot nau'in harsashi ne na bindigar farauta mai santsin baki, wanda kwansonsa ke ɗauke da manyan ƙwayoyin dalma da ke fita gaba ɗaya idan an harba. An fi amfani da shi wajen farautar barewa, sai kuma aikin 'yan sanda da tsaron gida, musamman a Amurka.

Girman ƙwayoyin yana tafiya da lamba. Lamba 00, wadda ta fi shahara, tana da faɗin milimita 8.4, kuma kwanson geji 12 (geji ma'aunin faɗin bututun bindiga ne) mai tsawon inci 2¾ kan ɗauki ƙwaya 9. Lamba 1 kan zo da ƙwaya 16, lamba 4 kuma da 27 masu faɗin milimita 6.1.

Masu zaɓen harsashi don tsaron gida sukan duba zurfin shigar ƙwaya, da yadda ƙwayoyin ke warwatsuwa, da ƙarfin naushin bindiga a kafaɗa. A tazarar cikin ɗaki ƙwayoyin ba sa bazuwa sosai, don haka sai an saita. Suna kuma iya huda siraran bangon gidajen Amurka su kai ga wanda ke ɗaki na gaba. Ma'aunin zurfin shiga da aka fi kafa hujja da shi na hukumar FBI ta Amurka ne, wato shigar inci 12 zuwa 18 cikin jelatin na gwaji, wanda aka tsara bayan wata musayar wuta da aka yi a Miami ranar 11 ga Afrilu, 1986.

Sojojin Amurka sun yi amfani da lamba 00 a bindigar Winchester 1897 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har Jamus ta shigar da ƙorafi a hukumance kan hakan a Satumba 1918.