Makarantar Gwamnati a Kano: Ikon Hukuma da Hurumin Iyaye

A Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa da ke arewa maso gabas da birnin Kano, kamar yadda yake a sauran ƙananan hukumomi 43 na jihar, makarantar firamare ta gwamnati tana ƙarƙashin hannaye da dama. Rabon iko a tsakanin waɗannan hannaye shi ne tushen yawancin saɓanin da ke tasowa tsakanin iyaye da hukumomin ilimi.

Asalin tsarin

Karatun boko ya shigo Kano a 1909, lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa. Makarantun da suka biyo baya na En'e ne, kuma ta hannun hakimai da dagatai ake ɗaukar yara, sau da yawa ba da son iyayensu ba. A 1976 gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka bazu cikin karkara fiye da yawan ƙwararrun malaman da ake da su. Tsarin da ake kai a yau ya faro ne ranar 30 ga Satumba, 1999, da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, aka kuma kafa masa doka a 2004.

Wa ke riƙe da me

Hukumar UBEC ta tarayya tana raba wa jihohi tallafi daga kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓi kuɗin gine-gine. Hukumar SUBEB ta jiha ke ba da kwangilar azuzuwa da kula da harkar malamai. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ke sa ido kan makarantu yau da kullum. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi.

Saboda haka idan iska ta yaye rufin aji a wani ƙauyen Gabasawa, uban da ya kai kuka wurin shugaban makaranta za a tura shi ofishin sakataren ilimi a Zakirai, shi kuma sakatare ya rubuta wa SUBEB a Kano, ita kuma ta jira kasafi. Kowa ya yi abin da doka ta ɗora masa, ajin kuma yana nan a buɗe har damina ta sauka.

Ƙofofi biyu na iyaye

Ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA, ita ce tsohuwar ƙofa. Ƙarfinta a karo-karo yake: gyaran benci, sayen alli, wani lokaci har da ɗan alawus ga malamin sa-kai.

Ta biyun ita ce kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da kafa shi a tsakiyar shekarun 2000. Ya fi PTA faɗi, domin yakan ƙunshi wakilin sarauta, malamin addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, wakilan PTA da na ɗalibai, shugaban makaranta kuma ya zama sakatare. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano, Jigawa da Kaduna. Daga baya shirye-shiryen da Bankin Duniya ke kula da su, irin su AGILE na ilimin 'ya'ya mata, suka riƙa zuba tallafin gyara kai tsaye a asusun kwamitocin.

Kwamitin yana da hurumin tsara buƙatun makaranta, bin diddigin zuwan malamai da ɗalibai, da kai rahoto sama. Ba shi da ikon ɗaukar malami, korarsa ko sauya masa wurin aiki.

Inda ake saɓani

Na farko shi ne kuɗi. Dokar 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun, ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta. A Satumbar 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ayyana ilimi kyauta kuma dole a Kano har zuwa babbar sakandare. Shugabannin makarantu na cewa idan kuɗin gudanarwa bai iso ba, ko alli ba ya samuwa sai da gudummawar iyaye. Iyaye kuma na tambayar inda gudummawa ta ƙare, inda haraji ya fara.

Na biyu shi ne malamai. Ƙorafin karkara shi ne a turo malami, bayan 'yan watanni ya nemi hanyar komawa birni. Rikici mafi zafi a kan wannan batu a Arewa ya auku ne a Kaduna daga 2017 zuwa farkon 2018, inda gwamnatin Nasir el-Rufa'i ta sallami malaman firamare sama da 21,000 da suka faɗi jarrabawar gwaji, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki, ra'ayin iyaye kuma ya rabu biyu.

Na uku shi ne wakilci. Inda aka naɗa 'yan kwamiti ba tare da taron jama'a ba, ko aka bar shugaba da sakatare su kaɗai su san abin da ke cikin asusu, zargi ba ya ƙarewa. Iyaye mata, waɗanda su ke yanke shawarar ko yarinya ta tafi aji ko ta ɗauki talla, sau da yawa ba sa zama a taron maza, shi ya sa aka tanadi ƙaramin kwamitin mata.

Na huɗu ya shafi iyayen da kansu. Dokar ta wajabta musu kai yaro makaranta: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu. A ƙasar noma irin ta Zakirai, inda gona ke manne da gona, azuzuwa sukan rage cika lokacin shuka da girbin gero, dawa da gyaɗa, da kuma ranakun kasuwa.

Halin da ake ciki

A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, yana mai nuni da ƙarancin azuzuwa, kujeru da malamai. Ranar 11 ga Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukuncin ya farfaɗo da tsohuwar fargabar NUT, wadda ba ta manta da bashin albashin da ya taru a farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka miƙa biyan malamai ga ƙananan hukumomi. Idan ikon biyan ya dawo kusa, ofishin da iyayen Gabasawa za su tuhuma zai kasance a Zakirai, inda za su iya zuwa da ƙafarsu.

Matakan kai ƙorafi

Hanyar da aka saba bi ita ce a fara da shugaban makaranta, sannan kwamitin SBMC, sai sakataren ilimi, daga nan SUBEB da Ma'aikatar Ilimi. Ƙorafin da aka rubuta, aka sa kwanan wata, aka kuma shigar da shi cikin littafin taron kwamiti, ya fi na baka nauyi a kowane ofishi. Haka kuma iyaye na da dalilin neman rasit a kan duk kuɗin da suka bayar, da neman a karanta lissafin asusun makaranta a bainar taro.