Binciken matsalar fitilar giyar ƙafa huɗu a mota

Fitilar giyar ƙafa huɗu ƙaramar alama ce a dashbod, mai rubutun 4WD ko hoton ƙafafun mota, wadda ke sanar da direba cewa ƙarfin inji ya isa ƙafafun gaba. Ba ita ke sa giya ba, rahoto kawai take kaiwa. Saboda haka duk binciken matsalarta yana kan tambaya ɗaya: giyar ce ta ƙi shiga, ko kuwa rahoton ne ya ɓace a hanya?

A ƙasar Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa, tambayar ba ta wasa ba ce. Da rani yashi ke riƙe mota, da damina kuma laka da ruwan fadamun Kogin Haɗejiya, wanda kan yi ambaliya kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Hilux da Land Cruiser da Pajero da ke zirga-zirga tsakanin Kafin Hausa, Bulangu da Auyo kan ratsa ruwan da ke taɓa ƙarƙashin mota, daidai inda wayoyin wannan tsari suke.

A tsofaffin motoci tsarin bai da wuya. Wuta kan taso daga fiyus, ta bi ta ƙwan fitila, ta sauka zuwa wani makunni da aka ɗaura a jikin ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Idan direba ya ja liba, sandar giya ta danna kan makunnin, wuta ta samu hanyar komawa ta jikin ƙarfen mota, fitila ta kama. A nan akwai tarko: motar da ake kulle ƙafafunta na gaba da hannu, irin Land Cruiser 70, tana iya kunna fitila alhali ba a kulle ƙafafun ba, domin giyabos kaɗai makunnin yake lura da shi.

Hilux da yawa da suka fito daga 2005 suna da na'urar lantarki a aksil ɗin gaba wadda ke haɗa shi da kanta, samfurin 2015 kuma ya maye liba da maɓallin murɗawa mai H2, H4 da L4. A irin waɗannan, wata 'yar kwamfuta ce ke sauraron makunnai. Fitilar da ta tsaya cak tana nufin aiki ya kammala. Mai ƙyaftawa tana nufin an ba da umarni amma ba a samu tabbaci ba. Ƙyaftawa ba lallai lalacewa ba ce. Haƙoran giya kan ƙi daidaita, musamman idan tayoyi ba girmansu ɗaya ba, kuma matsawa gaba ko baya kaɗan kan warware ta. L4 kuwa ba ya shiga sai mota na tsaye.

Mai gyara kan fara da raba matsalar gida biyu. A sa giyar, a kashe inji, a tokare ƙafafu, a ɗaga ƙafar gaba ɗaya da jak, a juya ta da hannu. In ta ƙi juyawa, giya ta shiga, laifin na waya ne ko makunni. In ta juya tare da farfelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfi ga aksil ɗin gaba, ƙaramin giyabos ne bai shiga ba. In ta juya ita kaɗai, aksil ɗin gaba ne bai haɗu ba.

Daga nan sai mitar auna wuta. Lafiyayyen batir kan nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe, kusan 14 idan yana aiki. Batir mai rauni kan bar na'urar aksil a tsakiyar hanya. Sai fiyus. Sai soket ɗin ƙarƙashin mota, kuma a wannan yanki nan ya kamata a daɗe. Ruwan fadama kan shiga soket, laka ta bushe a ciki, tagulla ta yi kore, wuta ta riƙa wucewa yau ta ƙi gobe. Ana wanke shi da maganin wanke soket, a busar, a matse bakin ƙarfen. Na'urar aksil tana da ɗan tiyon shan iska. Idan ya tsage ko ya zame, ruwa ya shiga ciki ya ci ƙarfe. A Pajero da tsohon Hilux, waɗanda ke haɗa aksil da zuƙar iskar inji, zafin bazara kan fasa tiyon roba, fitila ta yi ta ƙyaftawa ba tare da wata waya ta tsinke ba.

Gwajin makunni a tsohuwar mota shi ne a cire soket ɗinsa a haɗa bakunan biyu da guntuwar waya: fitila ta kama, to makunnin ne ya mutu. Ba a yin wannan dabara a wayoyin da ke zuwa kwamfuta, domin kwamfutar na iya ƙonewa. Can mita ake sawa, ko na'urar karanta lambobin matsala ta soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari.

Sauya kwamfuta ko na'urar aksil kafin a duba soket asarar kuɗi ce, cire ƙwan fitila kuma ya fi muni, domin direba na iya hawa kwaltar Haɗejiya da giyar a ciki bai sani ba, giyabos da tayoyi su sha wahala. Littafin Toyota yana ba da shawarar a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 cikin giyar ƙafa huɗu kowane wata don mai ya zagaya kayan gaba. Motar da aka bar giyarta tun ƙarshen kaka ita ce kan ƙi amsawa a ruwan farko.