Tsohon Keke a Zaure: Tarihin Dokin Ƙarfe da Masu Raya Shi



Da wuya a samu tsohon gida a zangunanmu, daga Kumasi zuwa Tamale, wanda ba a taɓa jingine keke a zaurensa ba. A wasu gidajen har yau yana nan, tayoyi sun sace, sarƙa ta daskare da tsatsa, sirdi ya tsage, yara suna wasa da ƙararrawarsa. Mai shi ya daɗe da rasuwa, kuma ranar da masu sayen tsohon ƙarfe suka biyo ta ƙofar gidan da amalankensu, za a ɗora shi a sikeli a sayar da shi da kilo. A daidai wannan lokacin kuwa, a Italiya da Ingila da Faransa, akwai mutanen da suke shafe watanni suna neman noti guda ɗaya domin su tayar da irin wannan keke. Yau za mu bi tarihin wannan sha'awa tasu, mu ga inda ta samo asali, da kuma inda hanyarta ta haɗu da tamu.

Keken da muka sani, mai ƙafafu biyu masu girma ɗaya da sarƙa mai jan ƙafar baya, ya samu siffarsa ne a birnin Kobantiri na Ingila a shekarar 1885, a hannun John Kemp Starley, wanda ya sa wa kekensa suna Rover. Kafin nan abin da ake hawa wani dogon abu ne mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar ƙarama a baya, wanda idan ya yi tuntuɓe da dutse sai mahayi ya faɗo da ka. Bayan shekara uku, a 1888, wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin birnin Belfas, ya fito da taya mai iska. A 1891 kuma 'yan uwan nan na gidan Michelin a Faransa suka ƙera tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar, kuma da ita Charles Terront ya cinye tseren da aka yi daga Paris zuwa Brest da dawowa a wannan shekarar. Cikin shekaru shida ke nan aka kammala ginshiƙan keke, kuma duk abin da ya biyo baya gyara ne da ƙari.

Daga nan sai zuriyar keke ta rabu gida biyu. Gida na farko shi ne keken aiki, mai nauyi da ƙwari, mai kariya a baya da birkin sanda, wanda ake ɗora wa buhun masara ya ɗauka bai yi ƙorafi ba. Gida na biyu shi ne keken tsere, siriri mara nauyi, mai kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, wanda nauyinsa bai fi wajen kilo 10 ba, alhali ɗan uwansa na aiki ya kusa ninka haka. Iyayenmu sun fi sanin na farko. Masu sha'awar da muke magana a kansu sun fi ƙwallafa rai a kan na biyu. Amma sau da yawa masana'anta ɗaya ce take ƙera su duka.

Babu misalin da ya fi Raleigh, wanda bakinmu ya mayar Rali. Asalinsa wani ƙaramin shago ne a titin Raleigh da ke birnin Notingam. Wani lauya mai suna Frank Bowden, wanda ya yi arziki a Hong Kong ya komo gida da rashin lafiya, likita ya ba shi shawarar hawan keke. Da ya samu sauƙi sai ya nemi shagon da ya ƙera masa kekensa ya zuba jari a ciki, a ƙarshen shekarun 1880. Shagon ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin manyan masana'antun keke na duniya, da tambarinsa na kan zalɓe da taƙamarsa cewa kekensa ƙarfe ne zalla. Afirka ta Yamma tana cikin manyan kasuwanninsa, har kamfanin ya yi wani shahararren hoton talla na wani Ba'afirke a kan Rali yana dariya, zaki yana bin sa ya kasa cim masa, daga baya kuma aka kafa masana'antar harhaɗa Rali a Kano. A zamanin da kakanninmu suke ce masa basukur, maƙwabtanmu Dagwamba kuma suna ce masa cece, malami ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya mallaki Rali ya kai mutum. Wannan kamfani dai shi ne ya taɓa samun wani ɗan sashe na musamman a garin Ilkeston inda aka riƙa ƙera kekunan tsere da hannu, kuma a kan keken Raleigh Joop Zoetemelk ɗan ƙasar Holan ya cinye tseren zagaya Faransa a 1980. Keken liman da keken zakaran duniya tambarinsu ɗaya.

'Yan uwanmu na ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki sun fi sanin Peugeot, wanda ya fara ƙera kekuna tun 1882, kafin ya ƙera mota. A kan Peugeot Bernard Thévenet ya cinye tseren zagaya Faransa a 1975 da 1977, kuma samfurinsa na PX-10, fari mai ratsin baƙi, yana cikin waɗanda masu tattara tsoffin kekuna suke farauta har yau. A Italiya kuwa akwai Bianchi na birnin Milan, wanda aka kafa a 1885, mai launin nan tsakanin shuɗi da kore, wanda Fausto Coppi ya hau ya haɗa nasarar zagaya Italiya da ta zagaya Faransa a shekara guda, a 1949, ya kuma maimaita a 1952. Abokin hamayyarsa Gino Bartali, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya riƙa cusa takardun shaida na jabu a cikin bututun kekensa yana kai wa waɗanda ake farauta, yana wuce shingayen soja da sunan atisaye. Wanda ya san irin waɗannan labarai ba zai kalli tsohon keken tsere a matsayin tarkacen ƙarfe ba.

Sirrin waɗannan kekuna yana cikin bututun. A 1897 kamfanin Reynolds na birnin Bamingam ya yi rajistar wata dabara ta ƙera bututu mai kauri a bakinsa biyu, inda ake haɗi, siriri kuma a tsakiya, inda ba a buƙatar ƙarfi sosai. A 1935 ya fito da bututun da ake kira 531, wanda ya mamaye fagen tsere shekaru da dama. Ana zura bakin bututun ne cikin wasu mahaɗai na ƙarfe, a narka tagulla ko azurfa ta cika tsakani, kuma idan bututu ɗaya ya lalace ana iya zafafa mahaɗin a zare shi a sa wani. Wannan shi ya sa keken ƙarfe yake karɓar gyara bayan shekara hamsin. Sauran kayan kuma, mafi daraja su ne na Campagnolo. Ana ba da labari cewa a watan Nuwamba na 1927, ana cikin tsere a wani tsauni mai suna Croce d'Aune, sanyi ya kama hannuwan Tullio Campagnolo ya kasa kwance notin ƙafar kekensa, kuma takaicin wannan rana ne ya kai shi ga ƙera makullin da ake buɗewa da hannu ɗaya a cire ƙafa ba tare da sifana ba. Ya kafa kamfaninsa a garin Vicenza a 1933. Abin mamaki, sai a 1937 masu shirya tseren zagaya Faransa, wanda aka fara tun 1903, suka yarda manyan 'yan tsere su yi amfani da na'urar canza giya. Kafin nan mahayi sai ya sauka ya juya ƙafar baya idan ya zo hawan tudu.

Zamanin ƙarfe ya fara gushewa a shekarun 1980. Kamfanin Shimano na Japan ya kawo giya mai faɗawa daidai gurbinta da ƙara ɗaya, kamfanin Look na Faransa ya kawo feda mai kama takalmi ba tare da maɗauri ba, sannan alminiyam da zaren kabon suka ture ƙarfe daga manyan tsere a cikin shekarun 1990. A 2002 Raleigh ya daina harhaɗa kekuna a Notingam. Dubban kekunan da aka ƙera da hannu suka koma ɗakunan shirgi, wasu aka zubar, wasu kuma aka loda su cikin kwantena tare da sauran kayan gwanjo suka sauka a tashoshin ruwa irin su Tema, suka watsu cikin kasuwanninmu, inda sabbin Phoenix na Shanghai suka riga suka karɓi aikin Rali saboda arha.

A daidai lokacin da ake zubar da su ne sha'awar raya su ta kankama. A 1997 wani ɗan Italiya mai suna Giancarlo Brocci ya tara mahaya 92 a garin Gaiole da ke yankin Kiyanti, suka hau kekuna a kan fararen hanyoyin tsakuwa na karkarar, da nufin tunawa da zamanin su Coppi da Bartali, da kuma kare waɗannan hanyoyi daga a malale su da kwalta. Sun sa wa taron suna L'Eroica. A yau dubban mutane ne suke halarta duk watan Oktoba, hanya mafi tsawo ta haura kilomita 200, kuma sharaɗin shiga shi ne keken ya zama irin na 1987 ko kafin nan: makaman giya a jikin bututu, feda mai maɗauri, wayoyin birki a fili bisa kan keken. Taron ya haifi irinsa a wasu ƙasashe, kuma kekunan da aka yi watsi da su suka sake samun kasuwa.

Aikin raya keke kansa aikin haƙuri ne, kuma duk bakaniken keke na bakin kasuwa zai gane shi. Ana fara duba jikin keken ne: idan fenti ya tattare a bayan wuyansa, alama ce ya taɓa yin karo, idan kuma sandar sirdi ta manne a ciki, ana iya kwana da kwanaki ana zuba mai kafin ta motsa. Sai a wargaza komai, a jiƙa cikin kananzir, a goge tsatsa, a canza boris, a sa sabon giris, a ɗaure sifoki ɗaya bayan ɗaya har ƙafar ta daina rawa. Inda mutane suke shan wahala shi ne awo, domin kowace ƙasa da nata. Zaren gindin feda na Ingila daban, na Faransa daban, na Italiya daban, kuma tsohon Rali yana da nasa na gida, mai zare 26 a inci maimakon 24. Wanda ya tilasta notin Ingila a keken Faransa ya kashe zaren. Haka ma taya: ta inci 27 faɗin bakinta milimita 630 ne, wadda ake kira 700C kuma 622, ta tsohon keken aiki mai inci 28 kuwa 635, kuma babu wadda take zama a gurbin 'yar uwarta.

Masu wannan sha'awa sun kasu biyu a kan wata tambaya da ta shafe mu. Wasu suna kankare tsohon fenti su sake sabo, su manna sababbin tambura, har keken ya koma kamar yau ya fito daga shago. Wasu kuma suna ganin tsohon fenti sau ɗaya ake samunsa, don haka wankewa kawai suke yi su shafa kakin zuma, su bar kowane tabo a inda yake. Mu dai ra'ayinmu ya fi karkata ga na biyu, musamman a kan keken gado. Wurin da fenti ya goge a kan keken mahaifinmu, tafin hannunsa ne ya goge shi cikin shekarun zuwa kasuwa da masallaci. Idan muka rufe shi da sabon fenti mun samu keke mai sheƙi, amma mun share shaidar.

Ba kowane tsohon keke ne yake da tsada ba, kuma ba muna cewa kowa yana zaune a kan dukiya bai sani ba. Yawancinsu kekunan talakawa ne, kuɗin gyaransu ma yana iya fin kuɗin sayensu. Abin da muke cewa shi ne, mu al'umma ce da ta zo waɗannan garuruwa da fatauci, kuma kaɗan ne daga kayan iyayenmu suka rage a hannunmu. Jakuna da shanun ayarin goro sun wuce, gidajen ƙasa ana rushe su ana gina na siminti, takardun ajami da yawa gara ta cinye. Keke yana cikin 'yan abubuwan da suka tsira, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Muna kuma da abin da Turawan nan suke nema da kuɗi: tsoffin masu gyara da suka san Rali ciki da waje, waɗanda suke ɗaure ƙafar keke da ido da kunne, ba su taɓa riƙe littafin koyarwa ba. Su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, yaransu kuma sun koma gyaran babur.

Saboda haka, kafin mu miƙa wa mai sikeli abin da ke zaure, mu tsaya mu goge wuyansa mu ga tambarin da ke jiki. Mu duba lambar da aka buga a ƙarfensa mu rubuta ta. Mu ɗauki hotonsa, mu tambayi dattawan gida wane ne ya saye shi, a wace shekara, da kuɗin wace sana'a, ina da ina ya je da shi. Idan da hali, mu tura shi wurin tsohon mai gyara, mu aika yaro ɗaya ya zauna kusa da shi yana miƙa masa sifana har a gama. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda yake da irin wannan keke a gida, ko ya san tarihin wani, muna so mu ji daga gare shi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu iya riƙon abin da suka bari.