Soyayya da Kuɗin Cefane: Nazari a kan Littattafan Balaraba Ramat Yakubu

A Unguwar Kanawa da ke Kaduna, cikin shekarun 1990, akwai wani mai kanti a bakin titi wanda rabin hajarsa sabulu ne da ashana da magi, rabin kuwa littattafai ne rataye a igiya kamar shanya. Haya yake bayarwa, kwana ɗaya ko biyu, wanda ya yaga bango ya biya. Mu ƙanne mu ne 'yan aike. Yayata takan ce, "Maza je ka karɓo mini na biyu, in an ɗauka kar ka kawo wani." A hanya nake buɗewa ina karantawa, ina tuntuɓe. Ta haka na fara ganin sunan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a bangon Wa Zai Auri Jahila?, ban ma san ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed ba, wanda muke zuwa kallon hawan daba da fareti a dandalin da aka sa wa sunansa.

A igiyar mai kantin nan duk littafi sunansa "na soyayya", haka ma a bakin iyaye da malaman da ke ƙwace su a aji. Abin da nake son nunawa shi ne, a hannun Balaraba soyayya mudu ce da take auna wani abu daban: wa ke da ikon zaɓe a gidan Bahaushe, kuma wa ke biyan kuɗin zaɓen in ya ɓaci.

Labarin so ba baƙo ba ne a rubutun zube na Hausa. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a jerin littattafan farko na shekarun 1930, a kan budurwar da mai kuɗi ya raba da saurayinta aka gina shi. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Abin da ya sauya daga baya shi ne masu karatu da hanyar bugu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara masu iya karatun boko, tsuke bakin aljihun 1986 kuma ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Sai marubuta suka koma buga abinsu da kansu a ƙananan maɗaba'un Kano, takarda mai arha, labari ɗaya a raba shi kashi biyu ko uku. A cikin wannan yanayi Budurwar Zuciya ya fito a 1987, Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka biyo baya a 1990. Balaraba tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba.

Kwatanta ta da Gidan Dabino yana fito da bambancin fili. A In Da So Da Ƙauna, Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, ana neman a ba ta Abdulƙadir mai kuɗi, har ta kai ta faɗa rijiya. Duk nauyin labarin yana kan zuciya: shin masoya za su haɗu? Shi ya sa Brian Larkin, a nazarinsa na 1997, ya ga inuwar finafinan Indiya a irin waɗannan littattafai. Balaraba kuwa ba ta daɗewa a zaure wajen zance. Da wuri take shigar da mai karatu tsakar gida, inda ake lissafin tsaba da mai da kuɗin makaranta.

Abu, tauraruwar Wa Zai Auri Jahila?, 'yar shekara 13 ce a ƙauye, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta Amadu, wanda aka sa ran zai aure ta, ya ɗanɗana boko ya ce ba ya yi, hujjarsa kuwa ita ce tambayar da ke bangon littafin. Uban, don huce kunya, ya ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya yi jika da ita. Ta gudu Kano wurin gwaggonta Hajiya Kumatu, a nan ta koma karatu ta gina kanta. Ba sai an tona ba, akwai ƙamshin rayuwar marubuciyar a ciki, domin ita ma an yi mata aure tana kusan wannan shekaru, auren bai yi ƙarko ba, ta hanyar ajin yaƙi da jahilci ta kamo karatun da aka raba ta da shi.

Ƙwarewar tana cikin kalmar "jahila". A bakin malaman zaure, jahili shi ne wanda bai san farillan alwala ba. A bakin ɗan sakandare na shekarun 1980 kuwa, wanda ba ya iya karanta wasiƙa. To soyayyar wancan zamani da wasiƙa ake yin ta, a fesa mata turare, a zana fure a gefe, a ba ƙaramin yaro irina ya kai. Yarinyar da ba ta karatu an rufe mata ƙofar wannan duniya tun kafin ta ƙwanƙwasa. Marubuciyar ta sa Abu tsakanin maza biyu da suke ganin kansu kishiyoyi, uba mai gudun boko da saurayi mai taƙama da shi, sai ga shi hannunsu ɗaya a kanta: wancan ya hana ta, wannan ya hukunta ta a kan abin da aka hana ta. Ɗan bokon bai fita da farin kaya ba, kuma wannan ne ya raba littafin da waƙoƙin wayar da kai na gwamnati, inda mai ilimin zamani kullum shi ne gwarzo. Akwai wata dabara kuma da sai da na girma na lura da ita. Duk yarinyar da ta riƙe littafin tana karantawa ta riga ta tsallake tambayar da ke bangonsa. Yana yaba mata, yana kuma nuna mata ramin da ke gefen ƙafarta.

Ba da makamin waje Balaraba take yaƙin ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a Risala ya ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, hadisai kuma sun zo da neman izininta da wajabcin neman ilimi. A wannan tsakani Balaraba ke tsayawa, ta bar mutanen labarin su yi ta jayayya da hujjojin da kowa ya sani. Novian Whitsitt ya yi nazarin wannan fuska a ayyukanta da na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa a farkon shekarun 2000. Na yarda da shi, sai dai ina ganin ya fi ba muhawarar addini nauyi, alhali a wurina tukunya ce cibiyar rubutun.

Alhaki Kuykuyo Ne shi ne shaida. Rabi tana da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwar da abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai gidan ko'ina, amma yana da na kashe wa Delu, macen bariki da ya aura ya kawo. Rikici ya tashi, ya saki Rabi, ya kore ta da yaran. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su. A gefe guda ga zaren soyayya: 'yarta Saudatu, mai natsuwa da kunya, ta haɗu da Alhaji Abubakar mai arziki, aka yi lefe na kece raini. Wannan ɓangaren su yayata suka fi so, suna maimaita lissafin akwatuna kamar su za a kai wa. Amma a dubi ginin da kyau. Amarya ce ta rushe uwar, zama amarya a gidan mai arziki kuma shi ya ceci 'yar. Tsarin da ya kayar da Rabi shi ne ya ɗaga Saudatu, bambancin kawai halin namijin da aka faɗa hannunsa. Ko marubuciyar ta yi haka da gangan ko labarin ne ya fi ƙarfinta, nan ne littafin ya fi gaskiya, nan ne kuma ya fi ban tsoro.

Harshenta na tsakar gida ne: habaici, gatse, zagin kishiya, karin magana a inda ta dace. Tana da rauni, ba a ɓoye ba. Mugu a wurinta yakan yi muni har ya zama zane, sakayya takan zo da gaggawa kamar an kira ta a waya, ga kurakuran ɗab'i da rashin edita ya jawo. Irin waɗannan ne masu suka suka riƙe.

Kaduna ce ta zama fagen wannan suka, ko da yake a Kano ake buga littattafan. Ibrahim Malumfashi, wanda daga baya ya koyar a Jami'ar Jihar Kaduna, shi ya yaɗa laƙabin "Adabin Kasuwar Kano", yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana ganin yayi ne mai wucewa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren. A ƙarshen shekarun 1990 an yi ta musayar alƙalami a shafin adabi na New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi, a ginin jaridar da ke titin Ahmadu Bello. Abin lura, yawancin masu muhawarar maza ne 'yan jami'a, da Turanci kuma aka yi kaso mai yawa nata, alhali masu karatun suna Tudun Wada da Kawo da Badarawa, littafi a ƙarƙashin filo. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona irin waɗannan littattafai a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Shekara biyar bayan haka, a 2012, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya fitar da fassarar Alhaki Kuykuyo Ne ta Turanci daga alƙalamin Aliyu Kamal. Ƙasar da aka zargi marubutan da kwaikwayon finafinanta ita ta kai Rabi kasuwar duniya.

Ƙarshen littafin ne har yau ban gama da shi ba. Gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, arziki ya tafi, zama da Delu ya watse. Take ya cika, alhaki ya bi ubangidansa. Sai dai dangi maza suka taru a kan Rabi, aka matsa mata ta koma, ba don tana so ba, ta ci gaba da ciyar da gidan har da wanda ya kore ta. Wasu manazarta suna karanta wannan a matsayin sarandar marubuciya ga al'ada. Ni ina ganin rahoto ne: ta rubuta hukuncin da zaman sulhu na dangi ke yankewa, ta ƙi yi masa kwalliya, ta bar takaicin a wuyan mai karatu.

Yayata ta gama shi da dare a gaban fitilar ƙwai, da safe ta ƙi aikena, ta saka mayafi ta kai da kanta. Na bi ta a baya. Ta ajiye littafin a kan teburin mai kanti ta ce, "Malam, wannan ba shi da na gaba?" Ya ce iyakarsa ke nan. Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙirga kuɗin wani kwana biyun ta sake ɗaukarsa.