Taimakon Norwe ga Masuntan Kerala

Na zaɓi tarihin masuntan Kerala, a gaɓar tekun kudancin Indiya, domin ya nuna abin da kuɗin taimako kan jawo in ba a lura ba.

A 1952 ƙasar Norwe da Indiya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla yarjejeniyar taimakon masunta. A 1953 aka soma aiki a ƙauyukan Neendakara da Sakthikulangara. Aka koya wa samari tuƙin jirage masu inji, aka gina gidan ƙanƙara da asibiti.

To, da kasuwar jatan lande ta buɗe a Amurka da Japan, sai attajirai suka sayi jirage masu jan taru a ƙarƙashin teku, suna kwashe kifi har da ƙanana. Masu kwalekwale suka ga abincinsu yana raguwa, rigima ta tashi. Sai a 1988 gwamnatin Kerala ta hana jan taru da damina, lokacin hayayyafar kifi.

Ni a ganina, an koya wa mutane kama kifi, amma an makara wajen koya musu tattalinsa. Garin neman gira, saura kaɗan a rasa ido.